Gora tana ƙarko, amma ba ta son gaggawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kun dawo Sinja, a nan Sudan, da iyali, siminti da ƙarfe sun fi ƙarfin aljihu, kana so ka tada ɗaki da rakuba, wato rumfa, da gora, amma ana ta gaya maka gara za ta cinye ta kafin shekara. Allah ya sa kun dawo a sa'a. Ni a Damazin nake, a jihar Nilu Shuɗi, kuma na daɗe ina aiki da gora, wadda Larabawa ke kira gana.

Masu tsoratar da kai ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su faɗa maka dalili ba. Rakubata ta farko haka ta yi. Na sayi gora shar da ita a kasuwa, tana ƙyalli, na ɗaure a satin. Damina ɗaya ta wuce, sai maiɗakina ta fara share wani gari fari kamar na dawa daga kan tabarma kowace safiya. Na ɗaga kai na ga ƙananan huji ko'ina. Da na matsa sanda ɗaya da yatsa sai ta rufta. Wannan ma ba gara ba ce, ƙwaron nan ne da ake ce wa sus, kuma zaƙin da ke cikin ɗanyar gora yake bi.

Wani dattijo daga garin Mai Wurno ne ya gyara mini tunani. Ya ce gorar da ba ta kai shekara 3 zuwa 4 ba, ba ta gini ba ce. Ɗanyar gora kore ce shar, da ɓawo manne a gaɓoɓinta. Wadda ta ƙosa ta dusashe, jikinta da dabbare-dabbare, in ka ƙwanƙwasa ka ji amo mai tauri. Lokacin sara kuma bayan ɗaukewar ruwa ne, sa'ad da sabon toho ya riga ya zuƙe abincin da uwar ta tara.

Bayan sara sai jiƙo. Mu ɗaure su muke yi dami-dami, mu danne da duwatsu a ruwa kamar sati huɗu. Za ta fito tana wari, kada wannan ya dame ka, zaƙin ne ya fita. Sai a jingine a inuwa ta bushe a hankali, don rana kai tsaye tana tsaga ta. In ka samu boraks da borik asid, sinadaran da ke kare gora daga ƙwari, ya fi: kilo 1 na haɗin a lita 20 na ruwa, a jiƙa sati biyu. Amma ruwan sama yana wanke maganin, don haka na gorar da ke ƙarƙashin rufi ne.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne gindi. Wallahi duk gorar da ka binne a ƙasa ka ba gara sadaka. Dirkokin su zama na itace mai tauri, ko ka ɗora gorar a kan dutse ko ɗan dakalin siminti mai tsayin taƙi ɗaya, ka shafe gindin da baƙin mai. Buhu ɗaya na siminti zai yi maka wannan. Rufin kuma ya zarce bango sosai yadda feshin ruwa ba zai taɓa ta ba. Kada ka buga ƙusa, tsagewa take yi. Igiyar kaba ko waya, ka ɗaure kusa da gaɓa.

Akwai abin da ya sa nake son ta a ƙasarmu ta Nilu Shuɗi. Baƙar ƙasar nan tana kumbura da damina, ta dare da rani har ƙafar yaro ta shige. Bangon bulo in ba a yi masa tushe mai zurfi ba sai ka ga ya tsage daga sama har ƙasa. Bangon gora da aka saƙa aka yaɓe da laka ba shi da nauyi, yana bin motsin ƙasa, in ya yi tsagu ka shafe da hannunka. Kuma gorarmu ta duwatsun Ingasana naman jikinta da kauri, wata ma kusan ba ta da rami, shi ya sa tsaikon guttiya, wato ɗakin ciyawa, ke daɗewa, balle in hayaƙin girki yana dukansa.

Roƙona ɗaya, in kai za ka je sara, ka nemi izinin hukumar gandun daji, ka zaɓi ƙosassu ka bar ƙanana, ka sare daidai saman gaɓa ta farko don kada ruwa ya taru a kututture ya ruɓar da saiwa. Ina jin ciwo in na ga an aske rukuni guda tas saboda gaggawar kuɗi, alhali in an bar shi kowace damina zai sake fitar da sabbi.

Ka turo mini faɗi da tsawon ɗakin, in lissafa maka sanduna nawa za ka nema. A gaida iyali.