Amsa ga malamin kimiyya mai son rubutu kan duwatsu masu daraja

Malam, ka ce kana koyar da kimiyya a ƙauye wajen Birnin Kudu, kana tambaya ko za ka iya rubuta littafi kan duwatsu masu daraja ba tare da ɗakin gwaji ba. Ƙwarai kuwa, kuma don Allah ka yi shi da Hausa.

Fara da ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812: daimon (lu'ulu'u) 10, tofaz 8, kwaz 7, gilashi wajen 5.5; mai lamba babba yana karce mai ƙarama. Yara su tsinto tsakuwa su karci kwalba. Wadda ta bar zane ta fi gilashi tauri, sai dai yawanci kwaz ce, wato dutse gama-gari da ba shi da tsada, ka faɗa musu tun da wuri. Idan an yi hutu, ka leƙa Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano, masu haƙar kuza su nuna maka duwatsun da suke haƙowa a tafin hannu.