Ƙanena Ya Yi Tuƙi Cikin Maye Ya Buge Mutum: Ya Halatta Mu Kuɓutar Da Shi Daga Hannun Hukuma?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena ne ya sha giya da daddare ya ja mota, a hanya ya buge wani mai babur, ƙafarsa ta karye, har yanzu yana kwance a asibiti. 'Yan sanda sun yi wa ƙanen nawa gwaji sun ga yana cikin maye. Mun karɓo belinsa, ana jiran ranar shiga kotu. A gida shawara ta rabu. Wasu sun ce a ba jami'in da ke riƙe da takardun wani abu ya ɓatar da sakamakon gwajin. Wasu sun ce tunda duk sun fito daga motar kafin 'yan sanda su iso, abokinsa da bai sha komai ba ya ce shi ne ke tuƙi, mu kuma mu ɗauki nauyinsa. Wasu sun ce kawai ya gudu. Mahaifiyarmu kullum cikin kuka take, tana cewa ai addini ya yi umarni a rufa wa Musulmi asiri. Ni ne babba, maganata ake jira. Me ya halatta mu yi? Kuma ɗaukar masa lauya laifi ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba wanda aka buge lafiya, ya shiryi ƙanenka, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku.

Hanyoyi ukun nan da aka kawo a gida babu ta halal a cikinsu. Ɗaukar lauya halal ne, neman sassauci da gaskiya halal ne. Sannan akwai hakkin da ya hau kan ƙanenka wanda ko kotu ta sallame shi gobe bai sauka ba.

Bari in fara da maganar Mama, domin hujjar da ta riƙe ingantacciya ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa asiri ranar alƙiyama. Da a ce ƙanenka ya sha ne ya kulle ɗaki ya kwanta, ka shiga ka tarar da shi, da na ce maka ka ja bakinka ka yi shiru, ka yi masa nasiha daga kai sai shi. Wannan zunubi ne babba, Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida aya ta 90, amma tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ƙofar tuba kuma a buɗe take. To bai kwanta ba. Ya ɗauki makulli ya hau titi, titi kuwa na kowa ne. Imam Nawawi, a sharhinsa na wannan hadisi, ya ce suturar da ake so ita ce ga wanda ba a san shi da cutar da mutane ba. Ba a rufa wa mutum asiri da hakkin wani. Ka faɗa wa Mama cikin ladabi cewa wanda ke kwance a asibitin nan shi ma ɗan wata ne, ita ma kuka take yi.

Za ka ji wani a gida ya ce ai dokar hanya doka ce ta mutane, ba saukakkiya ba ce, don haka kauce mata ba komai. Wannan magana ba ta da madafa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas da ta yi a Brunei a shekarar 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a kan abin da ke tsare rayuka, kuma hukuma tana da ikon hukunta wanda ya karya su. A wannan mas'ala ma dokar ba ta ƙirƙiro komai ba, abin da Allah ya riga ya haramta ta hana: maye, da jefa rayukan bayinsa cikin haɗari. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Giya kuwa abin da take fara taɓawa shi ne saurin kai ƙafa kan birki da iya auna tazara, tana kuma ƙara wa mutum yarda da kansa a daidai lokacin da bai cancanci yardar ba. Shi ya sa mashayi ke rantsuwa cewa garau yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin yana farawa tun giyar tana kaɗan a jini, yana kuma tashi sosai daga giram 0.04 na giya a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini. Allah da ya hana mai maye kusantar salla har sai ya san abin da yake faɗa (Nisa'i, 43), yaya za a ce shari'arsa ba ta damu da ya riƙe sitiyari ba?

Batun ba jami'i kuɗi, sunansa rashawa ko da wane suna aka sa masa a gida. Abdullahi bin Amr ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Aya ta 188 ta Suratul Baƙara ta hana kai dukiya ga mahukunta don a ci hakkin mutane da zunubi. Na san abin da za a kawo maka: cewa malamai sun yi rangwame ga wanda ya bayar don ya ture zalunci daga kansa. Gaskiya ne da yawansu sun faɗi haka, kuma sun ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma sharaɗin shi ne mai bayarwa ya zama wanda ake zalunta, kuma ba shi da wata hanya. Ƙanenka ya sha, ya tuƙa, ya buge. Takardar da ake son a ɓatar gaskiya ce a rubuce. Kuɗin nan gaskiya za su binne, kuma da ita za a binne hujjar mutumin da aka karya.

Shawarar sauya direba ita ta fi tayar min da hankali, domin ana kawo ta da sunan abota da sadaukarwa. Shaidar zur ce. A hadisin Abu Bakra da ke cikin Buhari da Muslim, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausaya masa. Malaman tafsiri sun kawo cewa ayoyi na 105 zuwa 112 na Suratun Nisa'i sun sauka ne a kan wasu mutane daga gidan Ubairiƙ, ɗayansu ya yi sata, danginsa suka taru suka jingina laifin ga wanda bai ji ba bai gani ba, suka je suna neman Annabi (SAW) ya wanke nasu. Allah ya saukar da cewa kada ka zama mai jayayya domin kare maha'inta, kuma wanda ya aikata laifi sannan ya jefa shi kan wanda ba shi da laifi, ya ɗauki ƙage da zunubi bayyananne. Yardar abokin ba ta halatta komai, domin ba shi kaɗai ake yi wa ƙaryar ba. Ana yi wa alƙali, ana yi wa wanda aka buge, in akwai inshora ana cin kuɗinsu da yaudara, sannan a bar lasisi a hannun wanda ya fi kowa cancantar a karɓe masa. Duk wanda ya shirya maganar, ko ya koya wa wani abin da zai faɗa, yana da kasonsa.

Gudu kuwa cin amanar beli ne. Wanda ya tsaya masa ya yi alkawarin kawo shi, Allah kuma ya ce ku cika alkawura. Zai bar wani cikin bala'i, ya ƙara wa kansa laifi a kan laifi.

Akwai wani bambanci da nake son ka riƙe da kyau, domin a nan sauƙin yake. Ceto a cikin haddi, wato hukuncin da shari'a ta ƙayyade da kanta, haramun ne bayan magana ta kai ga hukuma. Da Usama bin Zaid ya je neman ceto ga matar nan ta Bani Makhzum da ta yi sata, fuskar Annabi (SAW) ta canja, ya ce abin da ya halaka na gabanku shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Amma hukuncin karya dokar hanya, tara ko ɗauri ko karɓe lasisi, ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa hukuma ta ƙayyade, kuma malamai sun halatta neman sassauci a ta'aziri matuƙar a fili aka nema, gaban mai ikon yin sassaucin, ba tare da ƙarya ko sayen kowa ba. Don haka ku ɗauki lauya. Aikinsa ya tabbatar an bi ƙa'ida, ba a ɗora wa ƙanenka abin da bai yi ba, ba a kuma wuce gona da iri wajen hukunci. Ya gabatar wa alƙali abin da yake gaskiya: in wannan ne karon farko ya faɗa, in an biya kuɗin asibiti ya nuna shaida, in ya fara neman maganin shaye-shaye ya kawo takarda, in doka ta ba da damar tara ko aikin al'umma ko ɗaurin talala a madadin gidan yari ya roƙa. Abin da ba ya halatta shi ne a musanta cewa shi ya buge mutumin. Ku tuna hadisin Ummu Salama, inda Annabi (SAW) ya ce wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja har a yanke masa, to wanda aka yanke masa hakkin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa.

Maye ba ya zama uzuri a shari'a. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya bugu ta hanyar haram ana kama shi da duk ɓarnar da ya yi wa jiki ko dukiya. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo cewa Marwan bin Hakam ya rubuta wa Mu'awiya game da wani mashayi da ya kashe mutum, Mu'awiya ya amsa cewa a yi masa ƙisasi. Ban kawo wannan don in ce haɗarin mota kisan ganganci ba ne, galibi a babin kuskure malamai suke sa shi. Na kawo ne don a daina cewa "ai ba ya cikin hayyacinsa". Shi ya fitar da kansa daga hayyacin. Saboda haka jinyar mutumin nan, da gyaran babur ɗinsa, da diyyar raunin kamar yadda masana za su ƙiyasta, duk hakki ne da za a sauke, kuma adalci ne a duba abin da ya rasa na neman abinci a kwanakin da yake kwance. In Allah ya karɓi ransa sanadiyyar wannan rauni, hukuncin ya koma na aya ta 92 a Suratun Nisa'i: cikakkiyar diyya ga magada, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, sai in sun yafe, da kaffarar azumin wata biyu a jere, wadda babu mai yafe ta. Ku je ku duba shi, ƙanenka ya nemi afuwarsa da bakinsa. In ya yafe don kansa, alhamdu lillah. Amma kada a tarar masa da manyan mutane a gefen gado a sa shi yafewa don kunya ko tsoro, wannan ƙwace ne. Kuma yafewarsa hakkinsa kaɗai take saukewa, hakkin jama'a yana hannun hukuma.

Haddin shan giya, bulala 80 a wurin Malik da Abu Hanifa, 40 a wurin Shafi'i, aikin hukuma ne a inda ake tsayar da shi. Kada wani a gida ya ɗauki bulala. Inda ba a tsayar da shi, tuba ta gaskiya ita ce a kansa.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ban ce ku yar da shi ba. An sha kawo wa Annabi (SAW) wani sahabi saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ta Buhari ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ku raka shi kotu. In an ɗaure shi ku riƙa ziyartarsa, ku riƙe masa iyalinsa. In ya daɗe yana sha sosai, ku kai shi wurin likita, domin yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana iya jawo karkarwa da farfaɗiya, har ya kai ga halaka. Kuma ya sani cewa kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa fitar da giya daga jini, hanta ce ke sarrafa ta a hankali cikin awoyi, har mutum yana iya wayar gari da sauranta a jikinsa.

Makullin mota kuwa ka karɓe shi tun yau, kada ka jira kotu. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, da aka tambaye shi yadda ake taimakon azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. In kuma bayan duk wannan wata rana ka gan shi a buge ya nufi mota, ka yi magana bai ji ba, ka kasa ƙwace makullin, to kiran 'yan sanda su tare shi ya halatta gare ka, in babu wata hanyar tsayar da shi ma ya zama wajibi, kuma ba ka yanke zumunci ba.

Allah ne mafi sani.