Shin da gaske ne yanke wayar sadarwa yana kai mutum gidan yari na shekara 10?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina da shagon POS, ƙanena kuma yana sana'ar jari bola a wajen Mile 12. Kwanakin baya masu gyaran hanya suka tono wata waya a unguwarmu, muka wuni biyu babu sabis, ciniki ya tsaya cak. Na ji an ce gwamnati ta yi doka cewa wanda ya taɓa irin waɗannan kaya zai sha ɗaurin shekara 10, amma ban ga an kama kowa ba. Mece ce gaskiyar wannan doka, kuma idan ɓarnar ta faru a cikin teku kamar yadda aka yi a 2024, dokar wace ƙasa ce za ta yi aiki?

Amsa: Malam, abin da ka ji yana da tushe, sai dai an gutsure maka rabin labarin, kuma rabin da aka bari shi ne yake bayyana dalilin da ya sa ba ka ga an kama kowa ba.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Dokar Hana Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 3 ya ba shugaban ƙasa ikon ware wasu na'urori da hanyoyin sadarwa ya ayyana su a matsayin muhimman kadarorin bayanai na ƙasa, bisa shawarar mai ba shi shawara kan harkokin tsaro. Ma'aunin da ake dubawa shi ne: idan abin ya lalace, tsaron ƙasa ko tattalin arziki ko lafiyar jama'a zai girgiza. Sashe na 5 kuma ya tanadi hukunci: wanda ya aikata laifi da gangan a kan irin wannan kadara zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10 ba tare da zaɓin tara ba, idan wani ya ji mummunan rauni sanadin haka, ɗaurin zai iya kai shekara 15, idan kuwa rai ya salwanta, ɗaurin rai da rai ne. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan shari'u.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, an yi shekara tara wannan iko yana kwance a takarda ba a fayyace kadarorin ba. Sai a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana su, kuma kayan sadarwa, wato wayoyin faiba da turakun sabis da cibiyoyin ajiye bayanai, suna ciki. Ofishin mai ba da shawara kan tsaro ne ke jagorantar aiwatarwa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kuma tana kula da ɓangaren kamfanonin waya. Saboda haka wayar da aka tono a unguwarku, a idon doka, ba kayan kamfani kaɗai ba ce yanzu.

To, me ya hana a kama mai katafilar? Ka koma ga kalmomin nan biyu na sashe na 5: da gangan. Ɓarawon da ya shigo da dare ya kwance batiran turken sabis ko ya zuƙe man janareta, niyyarsa a fili take. Direban da aka ba shi aikin haƙa kwata, bai san akwai waya a ƙarƙashin ƙasa ba, babu taswira a hannunsa, babu alama a bakin titi, da wuya mai gabatar da ƙara ya tabbatar wa alƙali cewa ya yi nufin ɓarna. Abin da ya rage shi ne kamfanin da ke da wayar ya nemi diyya daga ɗan kwangila ta hanyar shari'ar sakaci, kuma galibi sulhu ake yi a ofis, ba a kai ga kotu ba. Kai da ka yi asarar cinikin kwana biyu ba ka cikin wannan sulhu, kuma a ganina nan ne babban giɓin tsarin namu yake: an tsananta hukunci a kan mai mugun nufi, alhali mafi yawan wayoyin da ake yankewa a birni irin Legas aikin hanya da gini ne ke yanke su.

Wannan ba sabon darasi ba ne ga mutanen Legas. A watan Mayun 2008, a Ijegun, injin masu aikin titi ne ya fasa bututun mai, wuta ta tashi ta ci rayuka da dama, har da na 'yan makaranta. A Abule Egba kuwa, ranar 26 ga Disambar 2006, ɓarayin mai ne suka huda bututu, jama'a suka taru da jarkoki suna ɗiba, gobara ta hallaka mutum sama da 200. A lokacin da waɗannan abubuwa biyu suka faru, dokoki masu zafi suna nan daram: dokar hana zagon ƙasa ga harkar mai ta 1975 ta tanadi kisa ko ɗaurin da ya kai shekara 21, dokar laifuka daban-daban ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai lalata bututun mai ko wayar lantarki. Tsananin hukuncin bai sa an san inda bututu ya bi ba, bai kuma hana a gina gidaje da shaguna a kansa ba.

Ɓangaren da ba a cika yin magana a kansa ba, wanda kuma shi ne ainihin kariya, shi ne nauyin da doka ke ɗora wa masu kadarorin da hukumomi. Gyaran 2024 ya rage wa'adin kai rahoton harin intanet daga kwana 7 zuwa awa 72, domin idan masu kutse suka shiga na'urar wani banki, a gargaɗi sauran kafin wutar ta kai gare su. A Jihar Legas akwai hukumar LASIMRA, wadda ke ba da izinin shimfiɗa waya da kafa turaku, kuma a ƙa'ida bai kamata a tsaga titi ba tare da an san abin da ke ƙarƙashinsa ba. A farkon 2025 ma'aikatar ayyuka da ta sadarwa ta tarayya suka kafa kwamitin haɗin gwiwa domin a riƙa tuntuɓar juna kafin a fara aikin hanya. Jami'an sibil difens kuma, bisa dokarsu ta 2003 da gyaranta na 2007, su ne aka ɗora wa gadin irin waɗannan kadarori. Kayan aikin suna nan. Abin da ake fama da shi shi ne titi ɗaya yana iya zama na tarayya, kwatarsa ta jiha, kasuwar gefensa ta ƙaramar hukuma, kowa da ɗan kwangilarsa, kuma babu taswira guda da dukansu ke dubawa.

Tun da ka ambaci ƙanenka, dole in tsaya a kansa kaɗan, domin shi ya fi ka kusa da haɗarin wannan doka. Wayar faiba zaren gilashi ce siririya kamar gashin kai, ba ta da tagulla, ba ta da wani kuɗi a sikeli, amma yara kan yanke ta da zaton tagulla ce. Abin da ke zuwa wurin masu jari bola da gaske shi ne wayar taransifoma mai kauri da aka ƙone robarta, da murfin ramin titi, da batiran turken sabis, da ƙarafan dogayen turakun lantarki masu ramukan noti a jere. Wanda ya sayi irin wannan kaya yana sane ko yana da dalilin zargin na sata ne, laifin karɓar kayan sata ya hau kansa, ko da bai taɓa zuwa inda aka kwance su ba. A watan Janairun 2025, bayan satar murafen ramukan titi a Abuja, hukumomin birnin sun haramta yawon bola tare da rufe kasuwannin panteka na mako biyu, mai laifi da marar laifi duk suka ɗanɗana. Shawarata gare shi ita ce ya riƙe littafi yana rubuta sunan mai kawo kaya da lambar wayarsa da ranar, ya nemi takardar gwanjo idan kayan na kamfani ne, kuma duk wayar da aka kawo masa a ƙone da tsakar dare ya bar ta ta wuce. Mutanenmu na Arewa sun san kuɗin wannan ɓarna a jikinsu, domin a watan Oktoban 2024 lalata layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna ya jefa jihohi da yawa cikin duhu na kwanaki masu yawa.

Sai batun teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet da hidimar bankuna suka yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Bayanin da kamfanin MainOne ya bayar ya danganta lamarin da motsin ƙasa a gindin teku, ke nan babu wanda za a gurfanar. Abin da ya rage wa Najeriya raɗaɗi shi ne akwai wasu wayoyin da suka sauka a Legas waɗanda abin bai shafa ba, kamar Equiano ta kamfanin Google da ta iso a 2022, aka karkatar da zirga-zirgar bayanai ta kansu kafin jiragen gyara su kammala aikin da ya ɗauki makonni.

Da a ce jirgi ne ya yanke su, wanda shi ne abin da ya fi faruwa a duniya, ta hanyar komar masunta ko ƙugiyar da jirgi ke jefawa idan zai tsaya, to sai a duba wurin. Cikin mil 12 na teku daga gaɓa, dokar ƙasar da ke da gaɓar ce ke aiki. Can cikin teku kuwa, yarjejeniyar Paris ta 1884 da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku ta 1982, wadda Najeriya ta amince da ita a 1986, su ne madogara. Sashe na 113 na ta 1982 ya wajabta wa kowace ƙasa ta hukunta jirgin da ke ɗauke da tutarta idan ya yanke waya da gangan ko da mummunan sakaci. Ka ga raunin a nan: hukuncin yana hannun ƙasar da ta ba jirgin tuta, ba ƙasar da ta yi asara ba, kuma jirage da yawa suna yin rajista ne a ƙasashen da ba su da wata sha'awar bin diddigin irin wannan ƙara. Saboda wannan giɓi ne Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta kafa kwamitin ba da shawara kan juriyar wayoyin teku a ƙarshen 2024, wanda ministan sadarwa na Najeriya a lokacin, Bosun Tijani, ya zama ɗaya daga cikin shugabanninsa biyu, aka kuma yi taronsa a Abuja a watan Fabrairun 2025. Shawara yake bayarwa, ba shi da ikon hukunta kowa.

Haka lamarin yake a fagen harin intanet tsakanin ƙasashe. A 2015 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙa'idoji 11 na ɗa'a, ciki har da cewa kada wata ƙasa ta kai hari ko ta goyi bayan hari a kan muhimman kadarorin wata. Bin waɗannan ƙa'idoji na ganin dama ne, kuma a watan Disambar wannan shekarar masu kutse suka kashe wuta a wani yanki na Yukren. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet, wadda Najeriya ta shiga a 2022, ta fi amfani a aikace, domin tana ba masu bincike hanyar neman shaida daga wata ƙasa cikin sauri. A lokacin yaƙi kuma akwai ƙarin yarjejeniyar Jeniba na 1977, wanda ya haramta kai hari kan madatsun ruwa da tashoshin nukiliya da abubuwan da farar hula ba za su rayu ba sai da su.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni sun fi karkata ga matsa wa mai kadarar lamba. Amurka ta ware fannoni 16 a matsayin muhimman kadarori, bayan harin intanet da ya tsayar da bututun mai na kamfanin Colonial a 2021 kuma ta yi dokar tilasta kai rahoton irin wannan hari a 2022. Tarayyar Turai ta zartar da dokoki biyu a ƙarshen 2022 waɗanda suka wajabta wa kamfanonin wuta da ruwa da sufuri da sadarwa su auna haɗarin da ke gabansu, su yi tanadin madadin hanya, su ba da gargaɗin farko cikin awa 24 idan an kai musu babban harin intanet, ko su biya tara mai nauyi.

Game da asararka ta kwana biyu, hanyar da doka ta buɗe maka ita ce ka fara kai koke ga kamfanin layinka ka karɓi lambar koken, idan ba a biya maka buƙata ba ka kira NCC a lamba 622, wadda kyauta ce. Kada ka sa ran za a biya ka cinikin da ya wuce, domin sharuɗɗan da muke amincewa da su lokacin sayen layi galibi sun cire wannan nauyi daga kan kamfani. Abin da yawancin abokan sana'arka a Agege da Idi-Araba ke yi, wato riƙe na'ura biyu a kan layukan kamfanoni daban-daban, yana taimakawa, sai dai ka sani cewa kamfanoni sukan haɗa turke ɗaya ko rami ɗaya, don haka ka gwada ka gani ko layukan naka biyu suna ɗaukewa tare. Idan kuma kuka ga an fara haƙa a layinku kusa da alamar waya ko bututu, shugaban kasuwarku ko Sarkin Hausawan unguwa yana iya sanar da kamfanin da ofishin sibil difens mafi kusa tun kafin katafila ta kai wurin.