Me ya sa taransistata take ƙonewa bayan ta ɗumama?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a kwalejin fasaha. Na haɗa amfilifaya da taransista TIP41, na raba wutar bes da rizista biyu. Wani mai gyaran rediyo ya ce in cire rizistar emita don tana cinye sauti. Sautin ya ƙaru, amma taransista biyu sun ƙone, ga lokacin miƙa aikin ya matso. Ko na jabu aka sayar mini?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Akwai jabu a kasuwa, amma ba shi ya ƙona maka kaya ba, shawarar nan ce.

Taransista tana da ƙafafu uku: bes, emita da kolekta. Ka san ana cewa tsakanin bes da emita akwai bolt 0.7. To, wannan adadi ba a tsaye yake ba. A silikon, duk ƙarin digiri 1 na zafi yana rage shi da kusan milibolt 2 (milibolt 1000 ne bolt 1), kuma ƙarin milibolt 60 kacal tsakanin bes da emita yana ninka wutar kolekta sau 10. Yi lissafi da kanka: ka ɗaure bes a wuri guda, taransista ta ɗumama da digiri 30, abin da take buƙata ya ragu da milibolt 60, kamar an ƙara mata 60 ɗin ke nan, wutar da ke ratsa ta ta ninka sau goma. Ƙarin wuta ya kawo ƙarin zafi, zafin ya jawo wata wutar, har ta mutu. Rizistar emita ce birkin: wuta na ƙaruwa, bolt ɗin da ke kan rizistar ya hau, ya rage wanda ke tsakanin bes da emita.

Wallahi wannan magana ta "tana cinye sauti" ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mini amfilifayar masallaci ko ta masu biki, an ɗinke gurbin rizistar emita mai om 0.22 da guntuwar waya. In taransista ta ƙone sai a sa babba, in fiyus ya tsinke shi ma a naɗa masa waya, a ce an gyara. Daga nan taransifoma ce za ta ɗauki zafin, a ɗakin da mutane ke kwana. Mai gyaran ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ƙarfin sautin da mai gyaran rediyon nan ya nuna maka gaskiya ne, amma kafasita a jikin rizistar za ta ba ka shi ba tare da an taɓa wutar zaman taransistar ba.

Mayar da rizistarka, ka haɗa mata kafasitar, ka ɗaura TIP41 a kan ƙarfen shan zafi. Sannan ka ɗora mita a kan rizistar emita na minti 10. In adadin yana ta hawa bai tsaya ba, kashe wutar nan take.