Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Baƙar Fata da Magungunan Juya Hankali

Tambaya: Likita, da gaske ne a Amurka ana ba masu ciwon damuwa naman kaza mai bugarwa?

Amsa: Da gaske ne, amma a wurare ƙalilan. Jihar Oregon ta amince da shi a 2020, Colorado a 2022, kuma sai gaban mai kula ake sha. A dokar tarayya har yanzu haramtacce ne.

Tambaya: Ina zaune a New York. Tun da aka yi mana fashi ba na iya barci, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. An gayyace ni gwajin irin wannan magani. Maigidana ya ce Turawa ɓeran gwaji za su mai da ni, ƙawata kuwa ta ce ta sayo min in sha a gida.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Tsoron maigidanki ba daga sama ya faɗo ba. A garin Tuskegee na jihar Alabama, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan maza baƙaƙen fata da ciwon tunjere, aka hana su fenisilin don a ga yadda cutar za ta ci su. A shekarun 1950, a Lexington ta jihar Kentucky, an ɗura wa fursunoni LSD, wani maganin juya hankali mai ƙarfi, da yawansu baƙaƙe, wasu kwana 77 a jere. Daga baya yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya cika gidajen yari da 'ya'yan baƙaƙen fata. To wanda aka ɗaure ɗan'uwansa kan ƙullin wiwi, yaya zai saki jiki don yau an ce ƙwaya ta zama magani?

Sai dai gudun shiga gwajin ma yana da illa. A 2018 Dakta Monnica Williams da abokan aikinta sun duba gwaje-gwajen magungunan juya hankali da aka yi daga 1993 zuwa 2017, suka tarar fiye da kashi 82 cikin ɗari na mahalarta fararen fata ne, baƙaƙe kashi 2.5 kacal. Ke nan sakamakon da ake ta yayatawa kusan duk a jikin wasu aka auna shi. Ga tsada: a Oregon zama ɗaya kan haura dala dubu, inshora ba ta biya.

Idan za ki shiga, ki karanta takardar yarda tsaf, ki tambayi wa zai zauna da ke, domin awanni za ki yi hankalinki ba a hannunki ba. Kina da ikon fita duk lokacin da kika so. Ki faɗa musu in akwai taɓin hankali a dangi, ko hawan jini, ko maganin da kike sha. Shawarar ƙawarki kuwa, ki watsar. Abin da ake sayarwa a titi ba a san me ke cikinsa ba, wasu ƙwayoyin ma ana cakuɗa su da fentanil, wani maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi da ƙanƙaninsa ya isa kisa. Kafin komai ki ga likitan ƙwaƙwalwa, firgicin nan yana da maganin da aka tabbatar. Ki je a makon nan, kada ki jira.

Tambaya: An amince da MDMA, ƙwayar nan da ake kira ecstasy, a matsayin magani?

Amsa: A Amurka a'a. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta ƙi a watan Agustan 2024, ta ce a sake gwaji.

Tambaya: Wani ya ce zaƙami ne namu na gida, in jiƙa wa ƙanena mai damuwa.

Amsa: Haba malam! Wa ya faɗa maka wannan ɗanyen zance? Zaƙami guba ne. Na sha ganin yaran da aka kawo baki a bushe ƙamas, jiki zafi jau, ido a buɗe ba ya gani, suna fizge-fizge ba su gane ko uwarsu ba. Wasu ba sa tashi. Kada ka ba shi ko ƙwaya ɗaya, ka kai shi asibiti. In kuma ya riga ya sha, a garzaya da shi yanzu, ba a tsaya ɗura masa madara ko manja ba.