Maigida yana share histiri a laftof ɗinmu, in sa masa manhajar leƙe?

TAMBAYA: Salam Malam, daga Shara Mansur nake a Makka. Laftof ɗaya garemu ni da maigida, yara ma da ita suke karatu. Toh kwanan nan duk sanda na buɗe Chrome sai in tarar ya share histiri, wato jerin shafukan da aka shiga, tas, wlh hankalina ya ƙi kwanciya, ina zargin ko maganar ƙarin aure yake ƙullawa a ɓoye. Ƙawata tace akwai abin da ake sawa a kwamfuta ya riƙa naɗe duk abin da mutum ya rubuta. Dan Allah ya ake sawa?

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya. Akwai shi, ƙawarki bata yi ƙarya ba, amma bazan koya miki ba, kuma ki tsaya kiji dalili kafin kiyi fushi dani.

Ita wannan manhaja bata san maigida ba bata san uwargida ba, duk maɓallin da aka danna a kibod naɗewa take, kenan ranar da kika shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, ko asusunki na banki a wannan laftof ɗin ta kwashe kalmar sirrinki ke ma, kuma irin na kyauta da ake saukewa a shafukan da ba'a san kansu ba da yawansu tura bayanan suke wa wanda ya ƙirƙire su. Garin neman gira a rasa ido kenan. Ga yara ma suna kanta.

Sannan kar ki manta a inda muke. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007, sashe na 3, ta sa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1 ko tarar da ta kai riyal 500,000 ko duka biyun akan leƙen bayanan wani ba izini, kuma a 2018 hukuma ta fito ta faɗa ƙarara cewa har miji da mata abin ya shafa. Mu da muke zaune da igama, wato katin izinin zama, kinsan ba abin da muke gudu irin a shiga da sunanmu wajen shurɗa, wato ƴan sanda. Balle kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat, wa la tajassasu, wato kada kuyi leƙen asiri, wannan kin fini saninta.

Shi kansa share histirin ba hujja bace fa. Akwai masu saita burauza ta riƙa gogewa da kanta in an rufe, wani kuma shafin sirri yake buɗewa da Ctrl+Shift+N wanda dama baya ajiye histiri, ni kaina haka nake in zan shiga banki a kwamfutar da ba tawa ni kaɗai ba. Ko na'urar wayfai kika bincika iyakarta ta nuna sunan shafi, abin da aka rubuta a ciki a rufe yake. Wahalar banza.

Abin da zan so kuyi, ku shiga saitin Windows wajen asusu ku buɗe wa kowa nasa, ke naki, shi nasa, yara nasu, kowa da kalmar sirrinsa. Kinga in kin kawo masa maganar raba asusu saboda yara, ƙofa ta buɗe da zaki tambaye shi abin da ke cin ranki baki da baki, in abin yafi ƙarfinki akwai manya.

Af, ki duba naki ɓangaren ma. In kin taɓa buɗe WhatsApp ɗinki a laftof ɗin baki fita ba, duk wanda ya zauna yana karanta hirarki yanzu haka. Ɗauki jawwal ɗinki, wato wayarki, ki buɗe WhatsApp ki shiga wajen na'urorin da aka haɗa ki cire ta, haka Gmail in a buɗe kika barshi. In zaki tashi ko kicin ne ki danna maɓallin Windows tare da L, allon zai kulle.