Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Sinadaran Homon da Haɗarin "Sha Ka Fashe"

Tambaya: Likita, muna yawan jin ana cewa "matsalar homon ce". Mene ne homon, kuma daga ina yake fitowa? (Wani malamin makaranta daga Bajoga)

Amsa: Malam, homon sinadarai ne da wasu ƙananan gaɓoɓi suke samarwa su zuba cikin jini, shi kuma jinin ya kai su inda za su yi aiki, tamkar manzannin sarki da ke kai umarni ga hakimai. Fituwitari, wadda take ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ce ke juya akalar tayirod da ke gaban wuya, da adirinal guda biyu da ke kan ƙoda, da maraina ga maza, da ma'ajiyar ƙwai ga mata. Idan sinadari ya wadata a jini sai ta sassauta umarninta, idan ya yi ƙaranci sai ta ƙara.

Tambaya: Saura wata biyu bikina. Mai gyaran jiki ta ba ni ƙwayoyin "sha ka fashe" don in yi ƙiba, na kai wata huɗu ina sha. Yanzu fuskata ta kumbura, cikina ya yi zane-zane, al'adata kuma ta rikice. In daina yau? (Wata baiwar Allah daga Pantami, Gombe)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki daina yau da kanki, kuma kada ki bari makon nan ya wuce ba ki ga likita ba. Ki tafi da kwalin maganin a hannunki.

Abin da aka fi sayarwa da wannan suna shi ne dekzametazon, wani lokaci a haɗa shi da ƙwayar buɗe ciki. Dekzametazon magani ne na gaske, muna ba masu asma mai tsanani da wasu cututtuka bisa ƙa'ida, amma kwaikwayon kotizol ne, wato sinadarin da adirinal ke samarwa don riƙe bugun jini da sukarin jini a lokacin rashin lafiya ko firgici, kuma ƙarfinsa ya ninka na kotizol kusan sau 25. Da zarar fituwitari ta ga jini ya cika da shi, sai ta daina aika wa adirinal umarni, su kuma su kwanta su daina aiki. Wanda ya wuce kimanin mako 3 yana sha, jikinsa na iya dogara da ƙwayar kacokan. Idan aka yanke ta rana ɗaya, babu na waje, babu na gida, sai jiri da amai da kasala su taso, jini ya faɗi ƙasa, kuma ana rasa rai ta wannan hanya. Shi ya sa likita yake rage ta kaɗan-kaɗan har adirinal su farfaɗo, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Wannan da kike gani a madubi kuwa ba ƙibar lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse suka taru a fuska da ciki da doron wuya, alhali naman cinya da na damtse yana zagwanyewa. A ɓoye kuma sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana raguwa har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Rikicewar al'adarki ma daga nan take, domin maganin yana danne sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna. Wallahi abin yana ba ni takaici: a karɓi kuɗin yarinya da sunan gyara ta don gidan miji, a miƙa mata abin da zai iya jinkirta mata haihuwa, kuma iyaye suna kallo suna cewa amarya ta yi kyau! Haka nan sau da yawa man bilicin mai saurin aiki yana ɗauke da dangin wannan magani, kuma fata tana tsotse shi ya shiga jini. Idan kina shafawa, ki faɗa wa likitan, babu abin kunya.

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana kusa da ke. Za a auna jininki da sukarinki a tsara miki yadda za ki rage. Mafi yawan waɗannan alamu sukan ja baya bayan an daina, ko da yake zanen ciki ba ya ɓacewa duka. Idan amai ko zazzaɓi ko jiri mai tsanani ya kama ki kafin lokacin, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Mahaifiyata tana da maƙoƙo, an ce mu kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga. (Daga Dukku)

Amsa: Kada ku kuskura! Manyan jijiyoyin jini ne a wannan wuri. Maƙoƙo kumburin tayirod ne, sau da yawa saboda ƙarancin sinadarin aidin, wanda tayirod ke buƙata don aikinta, a abinci, abin da ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. Amma ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Idan Mama tana rama duk da tana cin abinci, ga gumi da faɗuwar gaba da rawar hannu, to tayirod ce take aiki fiye da kima. Idan kuwa kasala ce da jin sanyi da ƙiba, to aikinta ne ya ragu. Gwajin jini da hoton wuya ne kaɗai za su bambance. Ku kai ta asibiti, musamman in muryarta ta dushe ko haɗiya tana yi mata wuya.

Tambaya: An ce in fara allurar insulin saboda ciwon sukari, amma abokaina sun ce wanda ya fara ta ya kusa tafiya, gara in sha ruwan shuwaka. (Wani dattijo daga Kumo)

Amsa: Baba, insulin sinadarin jikinka ne, fankiriyas da ke bayan tumbi ke samar da shi don shigar da sukari cikin tsoka, allurar kuma cike giɓi take yi. Tun 1922 da aka fara yi wa majinyaci ita a Toronto ta ƙasar Kanada take ceton rayuka. Waɗanda abokanka suka gani sun rasu, yawanci sun ƙi ta ne sai da ƙoda ko ƙafa ta riga ta lalace. Ka ci miyar shuwaka in kana so, amma ba ta maye gurbin allura. Ka koma wurin likitanka.

Tambaya: Ba ni da ciki, ba na shayarwa, amma nonona yana fitar da ruwa. (Daga Billiri)

Amsa: Mai yiwuwa sinadarin firolaktin, wato homon da ke sa nono ya kawo ruwa, shi ne ya yi yawa, kuma yakan hana ɗaukar ciki. Yana da magani, ki je a yi gwajin jini. In ruwan da jini ne, ko daga ɓangare ɗaya kawai, ki hanzarta.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 nononsa ya ɗan tasa, yana jin zafi. (Wata uwa daga Kaltungo)

Amsa: Hajiya, balaga ce, kuma yakan baje da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A daina matse shi ko ɗora masa abu mai zafi. In ya ci gaba da girma, a kawo shi a duba.